Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Sanda da Harin 'Yan Bindiga

Wani mai sauraronmu daga Ruwan Gizo a ƙaramar hukumar Talata Mafara yana tambaya: idan 'yan bindiga suka kawo hari, 'yan sanda kan tsaya su fafata, ko ranta a na kare suke yi?

Malam, akwai masu tsayawa. A watan Agustan 2021, da maharan suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin dare, ɗan sanda ɗaya da masu gadi biyu suka rasa rayukansu, aka tafi da ɗalibai 15. Wata guda kafin nan, an kashe 'yan sanda 13 a bakin aiki a Kurar Mota da ke Bunguɗu. Allah ya jiƙansu.

Masu gudu ma akwai. Amma dubi halin da ake ciki: jami'ai ƙalilan a caji ofis, mota ɗaya, wani lokacin babu mai, ga mahara tuli bisa babura, goyon biyu ko uku. Wanda ya ja da baya neman ɗauki ba matsoraci ba ne. Wanda aka yi ta buga wa waya tun magariba ya ƙi ɗauka, shi za ku kai ƙararsa wajen baturen 'yan sanda, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da shi.