Nasiha ga Mai Niyyar Amurka da Kaset a Akwatinsa

Mutumin da Allah ya nufa da tafiya Amurka, ko don neman ilmi ko don ziyarar ɗa ko ƙane da ya daɗe a can, sau da yawa 'yan'uwa kan ɗora masa amanar tsofaffin kaset na bidiyo, na ɗaurin aure ko na suna ko na walimar saukar Alƙur'ani, domin na nesa su ga fuskokin iyaye da kakanni waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce ya ƙetare teku da wannan amana, sa'an nan ranar da aka taru aka sa kaset a na'ura, hoto ya ƙi tsayawa, murya ta jirkice, har a zaci kaset ɗin ne ya lalace, alhali lafiyarsa lau.

Musabbabin wannan kuwa shi ne saɓanin da ya auku tsakanin ƙasashe tun farkon talabijin mai launi. Amurka ta tabbatar da tsarinta na NTSC a 1953, mai layuka 525 da hotuna kusan 30 a sakan guda, daidai da wutarta mai bugawa sau 60, kuma Kanada da Japan suka bi ta. Ingila da Jamus ta Yamma suka fara da PAL a 1967, tsarin da Walter Bruch ya ƙago, mai layuka 625 da hotuna 25. A shekarar ne kuma Faransa da Tarayyar Sobiyet suka ɗauki SECAM, wanda ya yi tarayya da PAL a layuka, ya saɓa masa wajen launi. Nijeriya da Gana suka bi PAL, Nijar ta bi SECAM, shi ya sa abin da aka naɗa daga talabijin da na'urar Faransa kan fito baƙi da fari a na'urar Kano. Amma kada matafiyi ya yanke hukunci da sunan ƙasa kawai, gama na'urar da ta yi ɗaukan ita ke da magana: mai hoton da ya sayi kyamararsa a Kano ya ɗauki biki a Maraɗi, PAL ya naɗa. Rubutun jikin kaset ma, E-180 na ƙasashen PAL ko T-120 na Amurka, alama ce kurum, ba hujja ba.

Shawarar da na fi ƙarfafawa ita ce a juye kaset zuwa faifan DVD tun a gida, kafin a ɗaura kaya. Tun 2016 kamfanin Funai, na ƙarshen masu ƙera na'urar VHS, ya daina, saboda haka samun mai karanta PAL a Amurka sai an tona, kuɗin aikin kuma ba kaɗan ba. Wanda ya ce zai tafi da tasa na'urar, to ya sani ƙarfin wutar can 120 ne, tamu kuwa 230, ga shi talabijin da yawa na can ba sa karɓar PAL ko kaɗan.

In an je wurin mai aikin, a nan ne ya kamata a natsu. A sharɗanta masa ya fara juyewa bisa tsarin da aka naɗi kaset ɗin tun fil azal, wannan shi ne asali. Sa'an nan daga gare shi a fitar da reshe na NTSC domin mutanen Amurka. Hikimar haka ita ce faifan PAL yana riƙe layuka 576 na hoton da ake gani, na NTSC kuwa 480, don haka duk sauyi sai ya zubar da wani abu na hoton, ya kuma ƙirƙiro hotuna kusan biyar a kowane sakan waɗanda kyamara ba ta taɓa ɗauka ba, har a riƙa ganin tafiyar mutane tana ɗan tsinkewa. Abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma ni a ganina fuskar mamaci ta fi ƙarfin a yi mata ragi don sauƙin aiki. Mai kaset na SECAM ya kwantar da hankalinsa, domin babu faifan DVD na SECAM. Na PAL za a yi masa, muddin na'urar da ta karanta ta san launinsa.

Faifai guda yana ɗaukar kimanin sa'a biyu da kyau, don haka kaset mai sa'a uku a raba shi biyu, kada a matse. A tabbatar an rufe faifan bayan naɗi, in ba haka ba wata na'urar ba za ta buɗe shi ba, a kuma zauna a kalle shi har ƙarshe kafin a biya. Mustahabbi ne a karɓi kwafi a filash, tunda kwamfuta ba ruwanta da wannan saɓani. Kullen shiyya na faifan DVD kuwa, wanda ya sa Amurka a ta 1, Turai da Saudiyya a ta 2, Nijeriya da Nijar a ta 5, finafinan kanti ya shafa, bai taɓa faifan da aka yi a gida ba.

Idan larura ta sa dole a tafi da kaset ɗin kansa, a ɓalle ɗan haƙorin da ke gefensa don kada wani ya naɗi wani abu a kai, a leƙa tagarsa ko akwai farar funfuna, wadda ke ɓata kan na'ura, a sa shi a jakar hannu nesa da zafi da lasifika mai maganaɗisu. Mai dawowa da kaset ɗin Amurka kuma ya juye shi tun can, domin na'urorinmu da yawa, ko da sun nuna shi a talabijin, wani gauraye suke fitarwa tsakanin tsarin biyu, wanda injin naɗar faifai kan ƙi karɓa ko ya naɗe shi babu launi.