Amanar da Ke Cikin Tsohuwar Waya

Sana'ata gyaran wayar salula ce da dillancinta a birnin Kano, kuma duk wanda ya daɗe a bakin teburin gyara ya san ba a kawo mana waya ita kaɗai, sai an haɗo da rabin rayuwar mai ita: hotunan iyalinsa, da saƙonnin banki masu faɗin abin da ya shiga asusunsa da abin da ya fita, da muryoyin da ya aika da waɗanda aka aiko masa, har da hoton katin shaidarsa da ya ɗauka wata rana domin neman aiki ya mance bai goge ba. Tun daga shekarar 2001, sa'ad da aka fara sayar da layukan salula a Nijeriya, zuwa yau da kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja suka cika maƙil da masu saye da sayarwa da masu musaya da ciko, ban ga cinikin da jama'a ke yi da gaggawa da ƙarancin tadabburi kamar rabuwa da tsohuwar waya ba; domin mutum yakan ɓata sa'a guda yana jayayya a kan naira dubu biyu na ciko, sa'an nan idan an daidaita ya miƙa wayar nan take, alhali kuwa abin da ke cikinta ya fi kuɗinta daraja nesa ba kusa ba.

Mafi yawan waɗanda suka ɗan yi hattara, iyakar abin da suke yi shi ne su shiga ma'ajiyar hotuna su goge, su shiga saƙonni su goge, su ce alhamdu lillahi an gama. To, a nan ne kuskuren ya fi girma, saboda gogewar da waya ke yi daidai take da mutumin da ya yage fihirisar littafi ya bar babobin a inda suke: wanda ya buɗe farkon littafin ba zai ga sunan babin ba, amma mai haƙurin bin shafi ɗaya bayan ɗaya zai same shi cikakke, har ranar da aka rubuta wani abu a kansa. Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2014 kamfanin Avast, mai manhajar tsaron kwamfuta, ya sayi tsofaffin wayoyi 20 masu Android ta kasuwar eBay, waɗanda masu su suka riga suka goge, ya kuwa tono hotuna fiye da 40,000 daga cikinsu, ciki har da na tsiraici, ya kuma gane ainihin wasu daga cikin tsofaffin masu wayoyin. Shekara guda bayan haka wasu masana biyu na Jami'ar Kambirij ta Ingila, Laurent Simon da Ross Anderson, suka gwada wayoyin Android na wancan zamani bayan an mayar da su yadda suka fito daga kamfani, wato an yi musu riset, suka tarar a galibinsu ana iya ciro mabuɗin da ke shigar da mutum asusun Google na tsohon mai wayar.

Adalci shi ne in faɗi cewa al'amarin ya yi sauƙi tun daga wancan lokaci, kada in tsoratar da mutane fiye da kima. Wayoyin iPhone sun daɗe suna rikita abin da ke cikinsu ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi, kuma duk wayar da ta fito daga kamfani da Android 10, wato daga 2019 zuwa sama, haka ake buƙatar ta kasance. Idan aka yi wa irin waɗannan riset daga cikin saitinsu, mabuɗin ne ke halaka, abin da ya saura kuwa ba ya amfanar kowa ko da an tono shi. Sai dai fa mu a nan waya ba ta mutuwa da wuri, takan bi hannu huɗu ko biyar, daga maigida zuwa uwargida, zuwa ƙane, zuwa almajirin gida, kafin ta iso kasuwa. Saboda haka wayoyin da suka girmi wannan tsari suna nan da yawa a hannun jama'a. Mai irin wannan tsohuwa, sai ya nemi wurin rikita bayanai a sashen tsaro na saiti ya kunna shi tukuna, kana ya yi riset, kana ya kunna kyamara ya ɗauki bidiyon bango ko rufin ɗaki har wayar ta ce ta cika, ya sake yin riset ɗin. Aiki ne na yini guda a gida, ba na tsaye a bakin rumfa ba.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan mas'ala, wanda kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne mutane sun ɗauka sirrin kansu kaɗai suke sakaci da shi, har wani ya ce maka, "Malam, ni ba ni da abin ɓoyewa." Wataƙila gaskiya ya faɗa game da kansa, amma hoton da matarsa ta turo masa daga cikin ɗakinta ba mayafi, ba nasa ba ne da zai yafe, haka nan muryar ƙanwarsa tana kuka tana ba shi labarin abin da ke tsakaninta da mijinta, da takardar gwajin asibiti ta mahaifinsa, da saƙon abokinsa mai neman rance wanda ya roƙe shi kada kowa ya ji. Waɗannan duka ajiya ce aka ba shi bisa yarda, kuma malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa wanda aka ba ajiya ya yi sakaci da ita har ta tozarta, akwai alhaki a wuyansa. Mun sha jin auren da ya girgiza, da yarinyar da aka dinga yi wa barazana ana karɓar kuɗi a hannunta, a dalilin hoton da ba ita ta sake shi ba, wani na kusa da ita ne ya sayar da waya bai tsabtace ta ba. Ita ba ta san an yi cinikin ba, balle a nemi izininta.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da riset ba ya taɓawa. Na farko katin memori, wanda galibi ba a rikita shi, kowa ya zare ya sa a kwamfuta zai karanta. Magani kawai a cire shi a tafi da shi gida. Na biyu layi, musamman layi na biyu da aka daina kira da shi aka mance yana ciki. Hatsarinsa ya fi yadda ake zato, domin wanda ya riƙe layin da ka yi rajistar banki da shi zai iya danna *565*0# lambarka ta BVN ta fito masa, kuma duk lambar tabbatarwa da banki ko WhatsApp za su turo, hannunsa za ta faɗa. Tun kuwa da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarni a Disambar 2020 cewa a haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, duk ɓarnar da aka yi da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa. Hatta 'yar ƙaramar waya mai madanni, wadda ake raina ta, takan riƙe saƙonnin banki na shekaru a cikinta.

Game da tartibin aikin kuwa, kada mutum ya goge komai sai ya ga sabuwar wayarsa ta tsaya da ƙafarta: lambobin mutane sun koma, hirarrakin WhatsApp sun dawo daga ajiyarsu, manhajojin banki sun buɗe. Daga nan sai ya fita daga asusun Google, ko iCloud idan iPhone ce, kafin a yi riset. Hikimar wannan ita ce, tun daga iOS 7 a 2013 da Android 5.1 a 2015 an sa wa wayoyi makulli domin maganin ɓarayi, wanda ke hana wayar buɗewa sai an shigar da kalmar sirrin tsohon mai ita, idan an goge ta ba tare da an cire asusunsa ba, kamar yadda yaran shago kan yi ta hanyar danne maɓallan gefe. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: mai saye ya bugo waya yana faɗa, mai sayarwa kuma, don gudun rigima da kunyar a ce ya sayar da kayan sata, ya karanto masa kalmar sirrin imel ɗinsa baki da baki, ya buɗe wa baƙo hotunansa da wasiƙunsa na shekara da shekaru da hannun kansa. Idan an kammala riset, mai sayarwa ya tsaya ya ga wayar ta tashi tana tambayar harshen da za a zaɓa, ya rubuta lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#, a kan rasit tare da ranar ciniki da sunan mai saye, kowa ya riƙe kwafi.

'Yan'uwana masu sana'a, mu ma da namu kason. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, aka kafa mata hukuma. Amma tun kafin doka, haramcin tajassusi yana nan a Suratul Hujurat, kuma yaron shagon da ya buɗe ma'ajiyar hotunan mace da hujjar wai yana gwada sikirin ya san ba gwaji yake yi ba. Ana gwada sikirin da kyamara da lasifika a gaban mai waya, ba sai an karɓi lambar sirrinsa an ce ya je ya dawo ba. Maigidan da ya koya wa yaro riƙe abin narka dalma bai koya masa kame ido ba, bai gama koyarwa ba.

Saura wayar da ta fi kowace ba ni tsoro, wato wadda ta faɗi sikirin ya mutu, mai ita ya ce ta lalace, ya sayar da ita a kuɗin kayan gyara. A wurinsa matacciya ce, a wurinmu kuwa lafiyarta ƙalau, domin ma'ajiyar tana kan bod, wato allon da ke cikin wayar, kuma da zarar an jona wani sikirin sai ta farka da duk abin da ke cikinta. Idan babu makulli a kanta, ko kuwa makullin zanen da kowa ke iya canka ne, shi ke nan. Mai irin wannan waya, idan tana kamawa kuma tana kan intanet, yana iya goge ta daga nesa ta shafin Google ko na Apple na neman wayar da ta ɓata. Idan hakan bai yiwu ba, ya biya mai gyara ɗan abin da ya sawwaƙa a jona masa sikirin na aro, ya tsabtace ta yana zaune a wurin. Idan kuwa ta ƙi tashi sam, to, ya sa a kwance ta a gabansa, a sayi batir da kyamara da gidan wayar, shi kuma a miƙo masa bod ɗin ya sa a aljihu ya tafi da abinsa.