Darasi na 9: But ɗin Mota da Buhun Masara

Ku da kuke zaune a Adjengré, bakin babban titin da ya taso daga Lome ya bi Sokode har Dapaong, ba sai an koya muku mota ba. Kun san jif ƙarama, kun san matsakaiciya. Masu ƙera su suna auna but da lita. BMW X3 ƙirar 2018 tana da lita 550, yayarta X5 tana da 650. Ratar lita 100 ke nan, alhali buhun masara mai kilo 100 yana cin wajen lita 140. Duk girman da ido yake gani, ƙarin bai kai buhu ɗaya ba. Wannan ya wuce.

Abin da nake so ya shiga kunnenku shi ne: lita fili ce, kilo nauyi ne. But bai cika ba, amma mota ta riga ta ƙoshi. Kada ku yi lodi da ido.

Ran nan Sani ya zo da X3 daga Lome zai kai iyayensa biki Dapaong. Kafin ya gama alwala, mahaifiyarsa Hajiya Larai ta sa yara sun jera buhu uku na masara, da doya, da turmi, da jarkar manja biyu.

"Inna, ya isa haka."

"Ya isa ina? Ga wuri nan kamar ɗaki! In shiga gidan surukai hannu rabbana?"

"Baba, ka yi mata magana."

Alhaji ya gyara hula. "Ni ba ruwana. Shekara talatin ban ci gardamar kaya ba." Can sai ya matso a hankali ya tura nasa buhun gawayin ta gefe.

Sani ya ɗauko takardar mota ya nuna musu lamba biyu: nauyinta babu komai, da iyakar nauyin da aka yarje mata. In ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne lodinka. A irin waɗannan motoci yakan kama kilo 500 zuwa 700, har da mutane. Har da mutane, na ce! Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350 tun ba a ɗora ko tsinke ba.

"To ni ce nauyin ke nan?" in ji Hajiya. Yara suka fashe da dariya, ta bi su da ludayi.

Kada ku yi lodi da ido. In nauyi ya yi yawa, sai taya ta yi zafi ta fashe, birki ya ƙi kamawa da wuri, kuma a gangaren dutsen Aledjo, gaba da Sokode, ba a gyara kuskure. Maƙwabtanmu masu ɗaure buhuna a kan rufi har bayan mota ya kusa shafar kwalta, sai su ce "Allah ya kiyaye" su taka wuta, kun san su, ba sai na kira suna ba. Rufin nan galibi kilo 100 ne iyakarsa, kuma kaya a sama shi ke kifar da mota a kwana.

Sani ya sauke buhu biyu, ya aika su a babbar mota washegari. Turmin dai Hajiya ta rungume shi a cinya har Dapaong.

Yanzu ku ɗauki alli: mota tana ɗaukar kilo 600, mutum huɗu sun shiga, kowane kilo 75. Buhu nawa na kilo 100 ya halatta?