Wa'adin Kai Ƙarar Albashi: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

Sau da yawa lebura ko maigadi ya kan zo ƙofar Hakimi da kukan ubangidansa ya riƙe masa albashi. A kan kira ubangidan, a yi sulhu, ya ɗauki alkawari, a watse. Bayan damina a sāke zama, ya sāke alkawari. To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, doka ta yanka wa'adin kai irin wannan ƙara kotu, zaman sulhu kuwa ba ya tsai da lissafin kwanakin. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da haka cikin 1994.

Asalin wa'adin daga Ingila ya ke. Cikin 1623 suka yi doka cewa mai bin bashin yarjejeniya ya kai ƙara cikin shekara 6, mu kuma muka gāje ta tare da sauran dokokinsu. Har yanzu shekara 6 ce a Legas da Abuja, amma waɗansu jihohi sun rage ta zuwa 5, saboda haka gara malami ya riƙa lissafi da 5. Dalilin dokar a fili ya ke: in an daɗe, shaidu su kan mutu, takardu su ɓace, alƙali ya rasa abin kamawa. A kan fara lissafi ne daga ranar da ya kamata a biya, ba daga ranar da haƙurin ma'aikaci ya ƙare ba. Misali, albashin da ya kamata a biya ƙarshen Maris 2021, inda wa'adi shekara 6 ne, ƙofarsa za ta rufe cikin Maris 2027. Bashin dai yana nan a wuyan mai shi, amma alƙali ba zai saurari maganar ba.

Ma'aikacin Gwamnati ya fi kowa bukatar hanzari. Akwai doka tun 1916 wadda ta ce mai ƙarar jami'in hukuma kan aikin ofishinsa ya kai cikin wata 3. Kotun Ƙoli ta taɓa cewa wannan bai shafi yarjejeniyar aiki ba, amma hukunce-hukuncen da suka biyo baya bakinsu bai zo ɗaya ba. A ganinmu, kada kowa ya jingina haƙƙinsa da gardamar lauyoyi. Ya kai kafin wata 3 su cika.

Ga inda alƙalamin malamin Hakimi zai yi amfani. In ubangida ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko kuwa ya biya wani abu daga ciki, lissafin wa'adi ya kan koma farko daga wannan rana. Amsawa da baki, ko da a gaban Hakimi da dagatai, ba ta wadatar ba. Saboda haka duk ran da aka yi sulhu a rubuta sunayen su biyu, da watannin da a ke bi, da jimlar kuɗin, da kwanan wata, ubangida ya sa hannu, a ba ma'aikaci kofe, a ajiye ɗaya a ofis. Kada kuma a yi sanyi, gama Dokar Ƙwadago ta 1974 shekara 3 kaɗai ta wajabta wa ubangida ajiye littafin biyan albashi.

In an yi zama biyu ba a ga kuɗi ba, sai Hakimi ya tura mai kuka ofishin ƙwadago na jiharsa, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tun 2011 ita kaɗai ke da ikon jin irin wannan ƙara. Tana da rassa a Kano da Kaduna da waɗansu manyan garuruwa. Ya tafi da takardar sulhun a hannunsa.