Neagu Djuvara: Masanin Tarihin Romaniya da Ya Yi Shekara 23 a Yamai

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da ke shirin fita bana, tambayar da ke cin ranmu ɗaya ce: in aikin da muka karanta bai samu ba fa? Rayuwar Neagu Djuvara tana da abin da za ta koya mana a kan haka.

An haife shi a Bukares, babban birnin Romaniya, a 1916. Ya karanta tarihi da shari'a a Faris, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu har aka ji masa rauni a 1941, sannan ya shiga aikin jakadanci a 1943. Ranar 23 ga Agusta 1944 gwamnati ta tura shi Suwidin da saƙo kan tattaunawar sulhu da Tarayyar Sobiyet. A ranar nan Sarki Mika'ilu ya kifar da gwamnatin da ta aike shi. Ya ci gaba da aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a can har 1947, lokacin da 'yan kwaminis suka kama ma'aikatar harkokin waje. Daga nan ba aiki, ba komawa gida.

Ya zauna a Faransa yana taimakon 'yan gudun hijirar Romaniya, yana adawa da mulkin kwaminis. A 1961 ya zo Nijar, ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ya zama mai ba ma'aikatar harkokin wajenta shawara. Ya yi zamanin Diori Hamani, ya ga juyin mulkin Seyni Kountché a 1974, ya kuma koyar da dokokin ƙasa da ƙasa a jami'ar Yamai. Sai 1984 ya bar ƙasar.

To ga inda darasin yake. Duk da aikin ofis, bai ajiye littafi ba. A 1972, shekarunsa sun haura hamsin, ya kammala babban digirinsa na dakta a Sorbonne ƙarƙashin Raymond Aron. Bayan faɗuwar Ceaușescu a 1989 ya koma gida, ya koyar a Jami'ar Bukares, ya rubuta littafin tarihin ƙasarsa domin matasa. Ya rasu a 2018 yana da shekara 101.

Gwamnati ta ƙwace masa muƙami, amma shari'ar da ya karanta da Faransancin da ya iya su suka ba shi abin yi a Yamai. Saboda haka kafin mu karɓi difloma, kowa ya tambayi kansa: in aka ajiye takardar gefe, me na iya da wani zai nema a wurina?