Asibitin Mazaɓarku Amana Ne a Wuyanku

Jama'a, gyaran harkar lafiya a ƙasa kamar Nijeriya aiki ne na shekaru masu yawa, gwamnati ta fara, wata ta ɗora. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka dage a kan kai magani kusa da talaka, maimakon a jira shi ya tako har birni. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara zuba kuɗin. Manufa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, da magani, da ma'aikata.

To, abin damuwa shi ne kuɗin nan ya bar Abuja, ya iso ƙauye, sannan ya narke babu mai tambaya.

Ku dubi manomi da rumbunsa. Ya sha rana da damina, ya yi noma da maimai, ya yanke gero ya ɗaure dammuna, ya jera su tsaf, ya ɗora jinka, ya koma gindin bishiya yana murna. Bai sake leƙawa ba. Ita kuwa gara ba ta sallama, ba ta ƙara. Ta ƙasa take shiga, ta ci yau, ta ci gobe. Daga waje rumbu na nan tsaye, har baƙo ya wuce yana yaba arzikin mai gida. Sai bazara ta yi tsanani, yara na kuka, a buɗe a tarar da ƙasa da ƙaiƙayi. Haka asibitin da ba a sa masa ido yake: ga fenti, ga allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe shi, amma ciki wayam.

Wa bai san wannan ba? A ɗauko mace mai naƙuda a kan babur da tsakar dare, a tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce malamar tana gari sai Litinin. Firjin allurar rigakafi ya lalace tun bara, an mai da shi ma'ajiyar takardu. A rubuta maka magani a ce babu, ka je kemis, alhali mai kemis ɗin shi ne wanda ya rubuta. Wannan cin amana ne, kuma malamanmu ba su gaji da faɗa mana makomar mai cin amanar marar lafiya ba.

Amma kada ku ɗora laifin duka a kan ma'aikaci. Ina kwamitin ci gaban mazaɓa? An kafa shi ne domin ya san abin da ya shigo da abin da aka saya. Kai da aka sa sunanka a ciki, yaushe rabonka da buɗe littafin magunguna? Ko kuwa sai ranar da aka ce akwai kuɗin zama ake ganin hularka? Mai unguwa da liman da shugabar mata, ku ma ba ku fita ba. Ku tambaya nawa aka turo, ku ƙirga kwalayen magani da idonku, ku duba rajistar zuwan ma'aikata. In an hana ku, ku kai ƙara sashen lafiya na ƙaramar hukuma, in ba a ji ba ku wuce hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kunya ba ta da wuri a nan, ko da ɗan'uwanka ne ke riƙe da makulli.

Sauran matsaloli kuwa sanannu ne. Likitoci na tafiya Saudiyya da Ingila. Alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Sai dai wata doka ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, don haka mai gida ya nemi ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, ya yi wa kansa da iyalinsa rajista tun ciwo bai zo ba.