Ƙullutu a Gaban Mace: Kada Kunya Ta Hana Magani

Maigida, in kai ne mai karatu a gidanku, ka karanta wa iyalinka wannan takarda. In da nauyi, ka ba wata mace ta karanta musu.

A bakin gaban kowace mace akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi biyu a ƙarƙashin fata, ɗaya dama ɗaya hagun, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Aikinsu fid da ruwan da ke jiƙa wurin. Likitoci suna kiransu da sunan Bartholin, wani likitan ƙasar Denmark da ya bayyana su a 1677.

Wani lokaci hanyar ruwan takan toshe, wurin ya kumbura. In ya yi mugunya, sai zafi da zazzaɓi, har zama ya gagara. Wannan ya fi samun mata masu ƙuruciya, kuma maganinsa da sauƙi a asibiti.

Amma akwai wani ƙullutun dabam, shi ne ciwon daji. Ba safai akan gan shi ba. Ya fi kama matan da suka daina haila. Yakan fara da tauri kamar tsakuwa, ba zafi, don haka ake raina shi. Daga baya ya fashe ya zama gyambo, ya riƙa jini, kaluluwa ta fito a matsematsi.

Mu da ke ɗakin shan magani a nan Ƙofar 'Yandaka ba mu iya rarrabe su da ido. Sai mu tura mace babban asibiti cikin birnin Katsina. Can likita zai yanki ɗan nama kaɗan, a duba da madubin likita. In daji ne, a yi aiki a cire shi duk da naman da ke kewaye, wani sa'i har da kaluluwar. Waɗansu akan aika su Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya, don a gasa wurin da na'ura. In an zo da wuri, akan warke. In an makara, ciwon ya riga ya bazu.

To, uwargida, ki riƙe waɗannan:

1. In kin haura shekara 40 kika ji ƙullutu a gabanki, ki tafi asibiti ko ba ya ciwo.
2. Kada ki bari wanzami ko ungozoma su tsaga shi. Ba maruru ba ne sai likita ya ce maruru ne.
3. Kada ki cusa magani ko kanwa a wurin.
4. In an tsaga shi a asibiti ya komo, ki koma.
5. In kina jin nauyin namiji, ki nemi mace ta duba ki.

Kai kuma maigida, kada ka zarge ta. Ba sammu ba ne, ba kuwa alamar lalata ba. Ka ba ta izini da kuɗin mota yau, kada ka ce sai bayan kaka.